Baba Ya Ƙi Yarda Ba Shi da Lafiya

Malam, don Allah ka taimaka mini da shawara. Mahaifina tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye na ɗauko shi daga Baure, yana wurina a Daura ina jinyarsa. Fanshonsa ya tsaya saboda bai je tantancewa ba, magani kuwa kullum sai an saya.

Bara aka turo jami'i ya duba ko za a tantance shi a gida. Baba na jin takun takalmin soja ya sa aka jingina shi da bango, ya gyara hula, ya ƙame, ya sara da hannun da ke motsi. Aka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Da aka juyo kaina, me zan ce a gabansa? Na ce da sauƙi. Bawan Allah ya rubuta cewa Baba zai iya zuwa da ƙafarsa.

Alhamdulillahi, yanzu likita ya ba mu takarda, sun yarda za su dawo, kuɗin baya ma za su biyo. Har na fara samun barci. To, yayana Jafaru ya dage wai ranar a kwantar da Baba ya yi ta nishi. Ni kuwa tunda nake ban taɓa jin nishin mutumin nan ba.

'Yar Saja, Daura

Amsa:

'Yata, barka, kin ci ƙarfin aikin. Mu dai ko ana shirin haƙa mana kabari, da sauƙi muke cewa. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai ofis bai san ta ba.

Kada ki ga laifin Jafaru, ya ga yadda ta kaya bara. Amma nishin da aka koya wa tsoho ba ya ɓoyuwa, kuma Saja ba zai yafe muku ba.

Ki tari jami'in tun a zaure. Ki miƙa masa takardar likita, ki faɗa masa komai tiryan-tiryan: wa ke ɗaga Baba, wa ke juya shi, yaushe rabonsa da taka ƙasa. A can babu kunya, Baba ba ya ji. Ki roƙi jami'in in kun shiga ya ce wa Baba ya ɗaga hannun da ya shanye. Ki kuma tabbatar sunan da ke banki daidai yake da na takardar sallamarsa daga soja.

Daga nan ku shiga, ku bar shi ya sara abinsa. Allah Ya ba Saja sauƙi na gaske, ke kuma Ya ba ki masu yi miki.