Wata Ukun da Kalilu Ya Roƙa

Isa, 4 ga Satumba, 1984

Ƙanena Kalilu,

Gaisuwa mai yawa. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Shanun Baba saura huɗu. Inno ta ƙi barin Gatawa, ga ƙafafunta sun kumbura. Kullum sai ta ce, "Me yaron nan ke nema a sama da bai gama ba?" Ka taho gida.

Yayarka,
Zulaihatu

Kanada, 26 ga Satumba

Yaya Zulai,

Bayan gaisuwa da ban girma, wasiƙarki ta hana ni sukuni. Ki karanta wa Inno wannan a hankali.

Can sama, maganaɗisun duniya yana riƙe da wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki masu tsananin gudu, sun kewaye duniya kamar ɗamara. In rana ta turo iska mai ƙarfi, sai maganaɗisun ya rikice, ƙwayoyin su ragu cikin awoyi. Muna zaton iskar tana matse iyakar maganaɗisun, na gefe su fice waje, wasu kuma girgizar maganaɗisun ta karkatar da su su faɗo cikin iskar duniya. Shekara biyu ina jiran irin wannan guguwa, sai watan nan na'urarmu ta kama ta. In na tafi yanzu, wani za a ba aikin. Ina roƙon Inno wata uku kacal.

Ƙanenki mai biyayya,
Kalilu

Isa, 21 ga Oktoba

Kalilu,

Salamu alaikum. Inno ta rasu ranar Talata, wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Ni kaɗai na karanta, sau biyu. Na gane bayaninka sarai, ba ni dai da wanda za ni karanta wa.

Ba ta yi fushi da kai ba. Ta bar maka buzun sallar Baba. Ni ban san kabarinta ba. Kawu Na'Allah ne ya sa ta a ƙasa, shi kuma ya kwashe iyalinsa sun yi kudu da sauran mutanen unguwa. Gidan a rufe yake.

Ka gama aikinka. Babu sauran gaggawa.

Zulaihatu

Kanada, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Allah ya jiƙan Inno, ya ba mu haƙuri. Na miƙa wa abokin aikina takardun binciken, ya ci gaba da shi. Ki tambayar mini garin da Kawu Na'Allah ya sauka. Can za ni fara zuwa, in roƙe shi ya raka ni Gatawa.

Kalilu