Madarar da Ka Aiko wa Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Azare lafiya, ban da Inna.

Shekaranjiya jiri ya kayar da ita a tsakar gida. Likita ya ce hawan jini ne da ciwon suga, dole ta rage ƙiba. Dawowarmu ke nan sai ga saƙonka, katan-katan na madara da lemon kwalba! Sau nawa zan ce ka daina? Kai dai burinka 'yan biki su ce ta yi ɓul-ɓul, 'ya'yanta na kula da ita. To, na rabar wa maƙwabta.

Ka gaida kowa. In kun yi sujada ku sa ta a addu'a, don ita yanzu a kujera take sallah.

Ƙanwarka,
Bilki