Huda Biyu a Gefen Ƙofar Malam Dauda

Zuwa ga matata, marigayiya Hajiya Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke yara lafiya, jikoki ma lafiya, har yanzu in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini. Gwiwa ce dai ta ƙi ni, ni kuma na ƙi sanda. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Abin kunya na yi, kuma tun da kika tafi ba ni da mai faɗa mini gaskiya ba tare da ya fara da ranka ya daɗe ba.

Kin tuna maƙwabcinmu David, tsohon lauyan nan Bayahude da flat ɗinsa ke kallon namu, wanda kika raɗa wa Malam Dauda? Kin tuna ɗan kwanson da ke manne a gefen ƙofarsa, mai addu'arsu a ciki, wanda yake shafawa in zai shiga? Layar Malam Dauda kike ce masa. To, Rabi, yanzu babu shi.

Akwai abin da ba ki sani ba, don a lokacin ke ce a kwance. Ranar Alhamis bayan la'asar kika cika, cikin hunturu, ba jinya. Ofishin da ke binciken musabbabin mutuwa suka ce sai an buɗe jikinki an duba, kuma sai wani makon. Ni da na taso inda ake rasuwa da safe a binne kafin azahar, na zauna a kan matakala na rasa inda zan sa kaina. A nan Malam Dauda ya same ni. Ya ce, “Alhaji, mu ma ba ma barin namu yana jira a firiji.”

Ashe shekara da shekaru ya yi yana zaman kwamiti, shi da mutanensu da limamanmu, suna rubuta wa hukuma takardu, har aka yarda a riƙa duba gawa da na'urar ɗaukar hoto maimakon wuƙa, a kuma gaggauta sakinta ga masu addini irin nasu da namu. Ranar Juma'a ya wuni a falonmu da waya a kunne, idonsa a kan taga, domin rana na faɗuwa zai ajiye waya sai bayan Asabar, haka addininsa ya ce. Kin kuwa san ranar hunturu a London, ƙarfe huɗu ta kwashe kayanta. Takarda ta iso rana tana kan rufin gidaje. Ya kashe wayar, ya ce mini, “Sauran naka ne.” Da safiyar Asabar muka kai ki, wuƙa ba ta taɓa ki ba.

Ran Lahadi ya zo gaisuwa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya naɗe doguwar ƙafarsa a ƙasa cikinmu, ya ce su ma a ƙasa suke zaman makoki.

Duniya ta yi nauyi bayanki. Abin da muke gani na yaran Gaza yana hana ni cin abinci, na kuma san da kina nan da kin fi ni kuka. Sai dai wasu sun ɗauki wannan baƙin ciki sun kai shi ƙofar da ba ita ba. An tofa wa Malam Dauda yawu a tashar bas, mutum mai shekara kusan tamanin, wanda ko keke bai iya tuƙawa ba balle jirgin yaƙi. Yanzu in zai fita sai ya ɗora wata hula a kan ƙaramar hularsa ta Yahudawa, don kada a gane shi.

Watan jiya muka je suna Croydon. Ana cikin cin abinci wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba don zai karanta wannan, ya ce Yahudawa duk ɗaya ne, ba a taɓa ganin alherinsu ba, su suka riƙe wuyan ƙasar nan. Aka yi ta gyaɗa kai. Wan wannan Alhajin bara ya rasu, kuma kwana ɗaya aka binne shi, ta hanyar nan da su Malam Dauda suka share. Na san wannan sarai. Ni da kike cewa ba a taɓa tashi taro ban yi jawabi ba, ranar sai na cika bakina da masa, na kuma tabbatar bai zauna babu komai ba har aka canza magana. Har ɗan murmushi na yi, Rabi.

Bayan kwana uku Malam Dauda ya ƙwanƙwasa, yana neman aron sukundireba. Na ɗauko a durowarki ta kicin na miƙa masa, ban ko tambaya ba, na zaci butar shayinsa ce ta sake lalacewa. Bai daɗe ba ya dawo mini da shi. Da zan fita sallar azahar na ga gefen ƙofarsa. Huda biyu ƙanana, da shatin fenti mai haske a tsakaninsu. Da hannunsa ya cire layar, da kayan aikin gidanmu.

Jiya na ɗauki sukundireban na je. Na faɗa masa abin da aka faɗa a Croydon da abin da ban faɗa ba, na roƙe shi ya fito da layar in mayar da ita da kaina. Ya zuba mini shayi. Ya ce, “Ba yanzu ba, Alhaji.” Bai yi fushi ba. Na so a ce ya yi.

Shi ya sa zan saka wasiƙar nan a group ɗinmu na dattawa da ke waya, inda duk waɗanda suka gyaɗa kai suke, tare da ni da na ci masa. Mai yiwuwa su cire ni. In sun cire ni, ai na saba magana da wadda ba ta amsawa.

Rabi tawa, ban mayar da sukundireban durowarki ba. Yana kan kanta a bakin ƙofa, kusa da makullai, duk fita ina ganinsa, sannan in buɗe ƙofa in ga hudar nan biyu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kina Aljanna. Allah Ya jiƙan yaran da ake kashewa, Ya kwantar da hankalin maƙwabcinmu a cikin ɗakinsa, Ya yafe mini shirun da na yi, Ya kuma ba ni kwanakin da zan ga an toshe hudar nan da abin da aka cire.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Sule.