Layin Nguru Ya Ƙi Buɗewa

Dala, Kano
6 ga Mayu, 2003

Zuwa ga Yayana Mikail,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Amira da yara. Ya zafin Legas?

Faifan da ka aiko ya iso, amma Yaya, na rasa yadda zan yi. Wasan jirgin ƙasan yana aiki a kwamfutar da ka bar mana. Layin Kano zuwa Nguru da ka shekara kana ginawa a cikin wasan don Baba ne ya ƙi fitowa. Ka ɗaure shi ƙunshi biyar a cikin faifan. In na ce wa kwamfutar ta kwance su, sai ta kai na huɗu ta tsaya, wai ya lalace. Na gwada ya fi sau ashirin. Na kai wa Malam Gwadabe mai gyaran kwamfuta a Mandawari, ya ce faifan ne ya karce, kuma huɗun ba sa buɗuwa sai da ɗan uwansu.

Laifina ne, na yi gaggawar gaya wa Baba zai sake tuƙa jirginsa kamar lokacin da yake direban jirgin ƙasa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai nemi komai ba sai wannan. Kullum da hantsi sai ya sa a zaunar da shi gaban allon, na yi ta yi masa ƙarya. Ya fara ƙin abinci. Don Allah ka sake aiko da na huɗun, kada ka biyo ta gidan waya.

Ƙanwarka,
Zaituna

17 ga Mayu, 2003

Yaya Mikail,

Gaisuwa mai yawa. Ya Amira da yara?

Musa direba ya kawo saƙon jiya. Na haɗa na huɗun da sauran na kwance su, duka biyar suka fito, na zuba su inda ka rubuta. Baba ya ja jirgin da hannun hagu, ya wuce Jogana. Da ya isa Ringim sai ya taka birki, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina kukar da muke sallah a gindinta?" Wata bakwai ke nan bai haɗa magana haka ba. Mahaifiyarmu Hajo ta fita tsakar gida tana kuka.

Na ce zan rubuta maka ka saka bishiyar kukar a cikin wasan. Ya ce a'a, ka zo da kanka ya nuna maka wurin.

Yaya, likita ya keɓe ni ya ce mu kira na nesa. Kada ka tsaya neman hutu. Ka taho.

Taka,
Zaituna