Gonar Ƙuba da Sunayenta

Daren Talata, Madina

Yaya Sale ya sayar da gonar dabinonmu ta Ƙuba. A bakin maƙwabci na ji.

Da na kira shi, cewa ya yi, "Khalas, an gama, Hadiza, ƙasa ce kawai." Alhali a gaban Inna ya rantse ba zai sayar ba.

Kowane sashe da sunansa: Mai Gishiri, Makwancin Raƙumi, Rijiyar Makaho. Kakanmu ya gaje su da Larabci daga manoman dā, ya mayar da su Hausa. Da sunayen nan muke sanin inda ban ruwa zai fara. Me zan nuna wa 'ya'yana in ce ga shi?

An ce wanda ya sayi gonar bai cike Rijiyar Makaho ba tukuna. Ban tabbatar ba.