Iyali Na Tara

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau shugaban sashenmu, Farfesa Ubaidullah, ya tare ni a ƙofar ɗakin gwaji da waya a hannu. Wai maƙalata ta 2018 masu bincike sun ambace ta sama da sau ɗari huɗu. Ya ce, "Dakta Ummukulthum, duk tsangayar nan babu mai irin wannan. Wata mai kamawa takardunki na zama farfesa za su tafi wajen masu tantancewa." Na yi godiya, na yi murmushin da ya kamata.

Mutane a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna rubuta sunana a ƙasan aikinsu. Abin da na gano kuwa, wani ɗan sauyi ne a ƙwayar gado, yana bin jinin wasu iyalai na Arewa, yana jawo wa matansu sankarar mama tun da sauran ƙuruciya. Iyali goma sha huɗu muka bibiya. Babu wanda ya sani a sashen cewa iyali na tara gidanmu ne. Inna mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da bakinta ta ce in ɗebi jininta kafin ta rasu. Ƙanwarta Goggo Indo ma haka. Ƙanwata Umaima ta bayar, aka samu tana ɗauke da sauyin. Ni ban bayar ba. Na ce sai aiki ya lafa. Har yau bai lafa ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Umaima ta kira ina tsakiyar lacca. Ba ta saba kira a lokacin aiki ba, ita ma tana aji da ɗalibanta na firamare. Na fito baranda.

"Yaya, akwai wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a na hagun. Ba ya ciwo."

Da ma yana ciwon. Marar ciwon ne abin tsoro.

Na tafi Unguwar Shanu ana ruwa, lungun ya cika, na bar mota a bakin masallaci na taka. Ta kulle ƙofa saboda yara, ta ɗaga riga. Na taɓa. Yana da tauri, ba ya motsi. Na ce ƙila ruwan nono ne ya daskare, tunda ba ta daɗe da yaye Suhaib ba. Ta kalle ni kawai, ta sauke rigarta. Ta ce, "Yaya, yaushe za mu asibiti?"

Asabar, 21 ga Yuni

A banɗaki na daɗe ina lalubar kaina. Dama, hagu, hammata. Babu komai. Na sake. Har wurin ya fara zafi, sannan zafin ya tsorata ni.

Talata, 24 ga Yuni

An ɗauki hoto, an ɗebi tsoka da allura za a gwada. Na ga hoton kafin likitan ya juya allon. Na san irin wannan siffar, na sa ta a gaban ɗalibai ba sau ɗaya ba. A hanyar dawowa Umaima ta ce in tsaya ta sayi masara gasasshiya. Ta ci tata, ta ci rabin tawa. Ni ko ruwa ban sha ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Inna tana da arba'in da huɗu aka gano nata. Ni a watan Nuwamba zan cika.

Juma'a, 4 ga Yuli

Shi ne. Ƙarami, amma mai saurin tafiya.

Likitan tiyatar, Dakta Yahya, mutum ne mai natsuwa. Ya zaunar da mu uku, ni da Umaima da mijinta Aminu, wanda ya rufe shagon ɗinkinsa na Kawo ya zo da zare maƙale a riga. Ya ce tunda tana ɗauke da sauyin, shawararsa a cire duka biyun, kada a jira ɗayan. Sai ya juyo gare ni. "Ai aikinki muke bi a nan, Dakta. Shi nake karanta wa ƙananan likitocina."

Aminu ya ce, "Yaya, ni ranta nake so. A cire abin da za a cire."

Da za mu fita likitan ya rage murya ya ce, "Ke fa, naki sakamakon?" Na ce ina bin abin. Ban san me wannan amsar take nufi ba, shi ma na ga bai sani ba.

Talata, 8 ga Yuli

Imel ya shigo. Wasu masu bincike sun fitar da sabuwar maƙala, sun ambaci tawa a layin farko, sun samu irin sauyin a nasu marasa lafiyar. Da, irin wannan saƙon har mijina, Abban su Aisha, nake tura wa. Yau na buɗe, na tafi kai tsaye teburin shekaru, ina neman matan da suka wuce hamsin ba su kamu ba. Akwai su. Ba su da yawa.

Na gyara jerin maƙaluna saboda masu tantancewa. Talatin da shida. Na rasa wadda za ta gaya mini abin da ke cikin jinina.

Lahadi, 13 ga Yuli

Babbar 'yata Aisha ta zo hutun mako daga makaranta. Da hantsi ina yanka kuɓewa a kicin ta shigo da takardu a hannu. Wai malaminsu na ilimin halittu ya ba su maƙalata su karanta, har yana nuna ta a aji yana cewa ga 'yar mai aikin. Ta shimfiɗa shafin da ke da zanen iyalai a kan firji. A irin zanen nan da'ira mace ce, murabba'i namiji, wadda aka cike da baƙi ta kamu, mai ɗigo a tsakiya tana ɗauke da sauyin, wadda aka ja wa layi ta rasu.

Ta sa yatsa a iyali na tara. "Wannan Inna ce. Wannan Goggo Indo. Mai ɗigon nan Anti Umaima." Yatsan ya matsa. "Mama, wannan da aka rubuta ba a gwada ba, mai 'ya'ya mata biyu a ƙasanta. Ke ce ko?"

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce babu kowa, ta iya ƙirga danginta.

Na ci gaba da yanka. Ta ce, "Idan ba ki da shi, ni da Binta ba mu da shi ta wajenki, magana ta ƙare. Idan kina da shi, ina so in sani. In ba za ki yi ba, ni zan je in yi nawa. Amma kin san in nawa ya nuna, naki ma ya nuna kenan."

Na daka mata tsawa. Na ce yarinyar shekara goma sha tara ba za ta koya mini aikina ba. Ta kwashe takardunta, ta bar shafin nan ɗaya a kan firji.

Da hannuna na zana da'irorin nan biyu ƙanana. Binta tana aji uku a firamare lokacin. Ban taɓa kallonsu a matsayin yarana ba, zane ne kawai da mujallar ta nema.

Litinin, 14 ga Yuli

Ta koma makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ba ta ƙara komai ba. Abbansu ya ce, "Yarinyar nan tsoro take ji, ba rashin kunya ba ne." Na ce na sani. Ya ce, "Ke ma haka."

Laraba, 23 ga Yuli

An yi wa Umaima aiki. Ni da Aminu a kan benci tun safe, shi da carbi, ni da waya ina buɗewa ina rufewa. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe. Warin wurin irin na lokacin Inna ne. Bayan azahar Dakta Yahya ya fito ya ce an gama lafiya, a idonsa bai ga alamar ya bazu ba, sai dai a jira gwaji. Aminu ya zame daga bencin ya yi sujada a kan siminti.

Asabar, 26 ga Yuli

Na kai mata farfesun kaza. Ƙirjinta a naɗe, roba na fitar da ruwa ta gefe. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce in daina kallonta kamar na zo gaisuwar mutuwa.

Ina ba ta romo a cokali ta ce, "Kin san me ya sa na kama shi yana ƙarami? Tun ranar da kika gaya mini sakamakona, duk wata in na yi wankan tsarki sai na duba. Da ban sani ba, da na ce nono ne, kamar yadda kika ce." Ta yi dariya, ɗinkin ya ja ta, ta dafe. "Inna ba ta samu wanda zai gaya mata ba. Ni na samu. Ke wa zai gaya miki, Yaya?"

Na ce ta sha romonta yana hucewa.

Talata, 29 ga Yuli

Na bayar. Ba a ɗakin gwajinmu ba, ba na son ɗalibaina su ga sunana a jikin kwalba. Wani wuri a Doka. Matar da ta ɗiba ta ce in saki hannuna, jijiyar ta ɓuya. Na tura wa Aisha hoton audugar, ban rubuta komai ba. Ta turo, "Na gode, Mama."

Laraba, 6 ga Agusta

Gwajin Umaima ya dawo, bai shiga hammata ba. Alhamdulillahi. Za ta fara ƙarin ruwan magani.

Nawa shiru. Waya ta yi ƙara in zabura. Na ƙona shinkafa sau biyu a satin nan. Farfesa Ubaidullah ya ce takarduna sun tafi, na tsaya ina tunanin waɗanne takardu.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ina da shi.

Na karanta a cikin mota, a gaban wurin gwajin. Haruffa da lambobin nan da na rubuta sau dubu, da sunana a samansu. Na jira in ji abin da na daɗe ina jira, ihu ko suma. Mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce na tare hanya. Na gyara motar.

Lahadi, 24 ga Agusta

Jiya na je wurin Umaima, gashinta ya fara zuba, ta ce in aske mata duka kada Suhaib ya riƙa tsinta a tabarma. Na aske. Na gaya mata nawa ina tsakiyar askin. Ta ce, "To, sannu da zuwa. Kula da kunnena."

Dakta Yahya ya sa mini ranar Talata, hoto tukuna, sannan mu zauna a kan sauran. Abbansu ya ce zai ɗauki izini a ofis.

Aisha na kira da kaina. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta ce ita ma za ta yi nata. Na ce ba gaggawa, amma duk ranar da ta shirya ni zan kai ta, kada ta je ita kaɗai. Binta sai ta girma.

Ban ce tsoron ya tafi ba. Yana nan. Sai dai bayan asuba na koma na kwanta, ban farka ba sai da rana ta shigo ɗaki, Binta tana tambaya ko lafiya. Na ci waina shida. Wanka ma na yi na fito kamar kowa.