Tudu na Yaya, Fadama Tawa

Maruda, farkon damina

Ƙanena Muzzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Kalgo? Inna na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Sani direba zai miƙa maka wannan takarda, ka yi haƙuri da rubutuna.

An raba gadon Baba. Kawu Ɗalha ya ce kada a yayyanka gonaki, wai iyaka ce ke haɗa 'yan'uwa faɗa, gara kowa ya ɗauki guda sukutum. Yaya Nasiru ya sami tudu, ni fadama, kai gonar dawa ta tsakiya, Yaya zai riƙe maka har ka gama jami'a. Kowa ya ce an yi adalci. Ni ma na ce haka, amma tun ranar nake tuna abin da ka bayyana mini lokacin hutu.

Ka ce a lissafinku na yiwuwar abu akwai abubuwan da ba sa tafiya tare, in ɗaya ya hau ɗayan ya fi karkata ga sauka. Ka ce wasu da wuya su faɗi gaba ɗaya, wasu da wuya su tashi gaba ɗaya, kuma in sun kai uku ba dole mai wannan hali ya zama yana da wancan ba. Alamomin da ka zana ko ɗaya ban gane ba. Amma gonakinmu suna da halin duka biyun. Ruwa ya yi yawa, gero ya yi kyau a tudu, shinkafa ta nutse. Ya yi ƙaranci, tudu ya ƙone, fadama ta ciyar da mu. Ban taɓa ganin shekarar da ukun suka cika ba, Baba ya sha ƙorafi a kan haka. Ban kuma taɓa ganin wadda muka kwana da yunwa ba, don rumbu ɗaya ne. To yanzu kowa da nasa.

Allah ya ba da sa'a.
Yayanka, Hamidu

Maruda, tsakiyar damina

Ƙanena Muzzammil,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan zazzaɓin da aka ce ka yi ya sake ka.

Ruwa ya ɗauke mana. Geron Yaya ya nannaɗe kamar an gasa shi, shinkafata kuwa koriya shar, don laimar fadama daidai take. An fita roƙon ruwa bayan gari. Na tsaya sahu ɗaya da Yaya, kafaɗa da kafaɗa, liman na addu'a, bakina na cewa amin, zuciyata na cewa kada dai ya yi yawa. Wallahi Muzzammil da Baba na raye ban san irin wannan tunani ba.

Jiya Yaya ya zo har bakin fadama, ya daɗe yana kallon shuka kafin ya ce ko za mu koma rumbu ɗaya kamar da. Na dubi shinkafata, na tuna matata Larai na da ciki, na ce masa mu jira kaka tukuna. Ya karkaɗe wandonsa ya tafi. Inna ta ji, ta daina cin tuwon ɗakinmu.

Ka riƙa yi mana addu'a, ko da yake ban san wadda zan ce ka yi ba.

Naka, Hamidu

Maruda, kaka

Ƙanena Muzzammil,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Larai ta sauka lafiya, mace ce, an sa mata Halimatusa'adiya.

Ruwan ya dawo, bai kuma tsaya ba. Ambaliya ta kwanta a fadama har shinkafa ta ruɓe a tsaye, ko iri ban fitar ba. Geron Yaya ya farfaɗo, bai taɓa yin irin na bana ba. Na sauke kai na je na ce masa na yarda mu haɗa. Ya ce shi ma yana da iyali, mu jira baɗi. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na gane ke nan ya hana ni sukuni. Duk shekarar da nake son mu haɗa, shi ba zai so ba. Duk wadda yake so, ni ne zan ƙi. Sai dai in mun faɗi tare, kuma kai ka ce mini wannan da wuya, in ma ya faru babu abin da za a zuba a rumbun.

Na yi ƙwadagon yankan gero a tudu, gonar da na koyi riƙe fartanya, Yaya ya sallame ni kamar sauran leburori. Da ya fitar da zakka ya aiko yaro da dami har ƙofata. Larai na shayarwa, na karɓa.

Na ba wani mutumin Ceberu aron fadama. An ce ana ɗaukar masu kwaɓa siminti a Kalgo, zan biyo Sani ranar kasuwa. Ka nemo mini inda zan shimfiɗa tabarma. Dawarka ta yi dama-dama, tana wurin Yaya. In ka tashi karɓar gonarka, kada ka tambaye ni wanda za ka haɗa rumbu da shi.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Hamidu